Ɗallin Kaka

Litinin, da hantsi

Tsinke ta fita ba ta sha shayinta ba. Na bi ta har bakin ƙofa da kofi a hannu, na ce, "Ke, gobara ake yi?" Ta ce, "Kaka, 'ya'yana suna jira." Wai 'ya'yanta. Yarinyar da ko kyanwa aka ba ta riƙo sai ta manta inda ta ajiye ta.

Bari in rubuta yadda abin yake, don duk wanda ya tsinci littafin nan bayan raina ya san ni aka zalunta. Tsinke jikata ce, 'yar 'yata, tun tana rarrafe take hannuna. Ni na sa mata sunan, don ranar da aka miƙo mini ita sai da na laluba cikin zani kafin in same ta. Yanzu ta girma, tana aiki a ɗakin gwaji na jami'a, tana kiwon bakteriya, wasu halittu da ido ba ya gani. Su ne 'ya'yan. Injin ƙanƙararsu ya lalace, an ce sai an kawo wani ƙarfe daga nesa. Ni kuwa ƙanƙara ce sana'ata, firiza biyu gare ni a baranda. Shi ya sa kullum da safe nake farfasa ƙanƙara da guduma in cika mata shuɗiyar kula.

Akwai wata mata, shugabarsu. Tsinke tana ce mata Malama. Ni ina ce mata Mai Tabarau, ko da yake ban taɓa ganinta ba, amma wadda ta yi irin wannan karatun ai dole idonta ya gaji. Matar nan za ta koma wani babban ɗakin gwaji a gari mai nisa, nisan jirgin sama, kuma za ta tafi da ɗalibi ɗaya. In aikin Tsinke ya fito kafin ƙarshen wata, ita ce. In bai fito ba, wani ne.

Ni ba kishi nake ba. Rubutawa kawai nake yi.

Talata, bayan la'asar

Na ce ta zauna ta faɗa mini abin da ake yi da ƙanƙarata, tunda da gumina ake yi.

Ta ce kowace halitta tana da wani zare a cikinta, di-en-e, a jikinsa aka rubuta yadda za ta kasance. Na ce sunan ya yi kama da na maganin sauro, ni zaren gado zan ce. Ta ce to. Aikinta shi ne ta sa bakteriya su haɗiye wani ɗan zoben zare wanda ba nasu ba.

Na ce, "To a zuba musu a faranti su ci mana."

Ta ce, "Ba sa karɓa, Kaka. Fatarsu da zaren ƙin juna suke, kamar maganaɗisu biyu in kin haɗa su ta inda ba sa so."

Na ce, "Kamar ni da matar kawunki."

Ta ce, "Kaka!" Na ɗalle mata kunne. Irin ɗallina ne, da ɗan yatsa, wanda ba ya zafi, sai dai ya tashi mutum. Tun tana ƙarama da shi nake gyara ta, ban taɓa ɗaukar bulala ba.

Ga yadda ta ce ake yi, in ban rikita ba. Ana ɗibar su suna yara, suna cikin ganiyar girma, don tsofaffi ba sa karɓar komai. Na ce wannan an faɗa mini ne. Sai a dasa su cikin ƙanƙara su yi sanyi ƙalau. A wanke su da ruwan wani gishiri mai suna kalsiyam, shi ma mai sanyi. Gishirin nan shi ke shiga tsakanin fata da zare ya kashe gabar. Daga nan sun zama lallausa, ko jijjiga ba sa so. A zuba musu zoben, a bar su cikin ƙanƙara su yi shiru. Suna cikin wannan sanyin, kwatsam sai a tsoma su a ruwan ɗumi, bai kai minti ɗaya ba, a mayar da su ƙanƙara. A cikin firgitar nan fatarsu take buɗe 'yan ƙofofi, zaren ya shige. Sai a ba su abinci mai kyau su farfaɗo, a shimfiɗa su a faranti mai guba. Zoben yana ɗauke da makarin gubar. Wanda ya haɗiye ya rayu, da safe a ga ɗigo. Wanda ya ƙi ya mutu.

Na ce, "Wato a bar ka cikin sanyi, a firgita ka da ɗumi, sai ka buɗe ka karɓi abin baƙo."

Ta ce, "Kin ma fi wasu ɗalibanmu ganewa."

Na ce, "Mai Tabarau ce ta koya miki?"

Ta ce ita ce.

Na ce, "Da gani ta ƙware."

Ban manta ba. Watannin farko Tsinke tana dawowa tana cewa matar nan ko murmushi ba ta yi mata, gaisuwa ma da ka take amsawa. Sai rana ɗaya ta dafa kafaɗarta ta ce, "Madalla, 'yata." Yarinya ta dawo gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Sanyi, sannan ɗumi.

Laraba, da magariba

Yau ta ce "a taƙaice dai" har na daina ƙirgawa. Maganar Mai Tabarau ce. A gidan nan ba ma taƙaitawa, labari muke ja har abinci ya ƙone.

Ɗigo kaɗan sun fito a farantinta. Malama ta ce da saura.

Alhamis, da safe

Wayarta ta yi ƙara tana wanka. Ban taɓa ba, leƙawa kawai na yi. Karatuna bai yi nisa ba, amma waɗannan baƙaƙen ko makaho ya san su. Mama Ofis.

Kalmar farkon nan ba a furta ta a gidan nan tun da aka rufe ɗakin tsakiya, ɗakin uwarta. Ita ma 'yar tawa da jaka ɗaya ta fita, ta ce in rufe mata shayinta kada ƙuda ya faɗa, ba ta dawo ba.

To. Ba wannan na zauna rubutawa ba. Firizar hagu tana ƙara, sai na kira mai gyara.

Juma'a, da hantsi

Mai kifi ya zo da kularsa, ya ce in barbaɗa masa gishiri kamar kullum don kifi ya yi tauri har yamma. Kowa a sana'armu ya san wannan, ƙanƙara mai gishiri ta fi zalla cizo. Ina cikin barbaɗawa sai maganar Tsinke ta faɗo mini. Sanyi da gishiri, su ke buɗe 'ya'yanta. To ga sanyi, ga gishiri, duka a barandata! Mai Tabarau tana auna nata da cokali mai suna, wai da saura. Ni da hannu zan ba su.

Ba so nake ta tafi ba. Amma in tafiyar ce, gara a ce ƙanƙarata ce ta kai ta, ba tabarau ba. Ranar da faranti ya cika sai in gyara zama in ce, "Tambayi uwar ofis ɗinki ko ta san wannan."

Na zuba tafin hannu cike a shuɗiyar kula, na jujjuya, na rufe saman da zalla. Ban faɗa mata ba. So nake ta sha mamaki.

Asabar, bayan azahar

Faranti wayam. Ko ɗigo.

Ta dawo ta ajiye jaka, ta kwanta ta ɗora kanta a cinyata kamar lokacin da take fama da haƙori. Na sosa mata kai. Ta shanye shayi har da neman ƙari. Wayar ta yi ƙara, ta kife ta.

Allah na tuba, rabon da in ji daɗin yini irin na yau an daɗe.

Litinin, da safe

Na ga kamar gishirin ne bai isa ba. Na ƙara.

Mai Tabarau ta yi tafiya, ta je duba sabon wurin. Allah ya kai ta lafiya, ya sa wurin ya yi mata daɗi sosai, har ta manta hanyar dawowa.

Talata, da magariba

Tsinke ta ce, "Kaka, ƙanƙararki mugunta gare ta. Har ruwan cikin 'yan bututun take daskarewa. Ina jin da fushin firiza take fitowa, sai da na zuba mata ruwa don ta huce."

Na ce, "Ai ba a banza mai kifi yake wuce shaguna ya zo nan ba."

Na shiga ɗaki ina dariya ni kaɗai. Injin jami'a guda bai taɓa samun wannan yabon ba.

Laraba, bayan la'asar

Wayam kuma. Ta sake haɗa ruwan gishirinta sabo, ta sake karɓo zare, ta ce ko hannunta ne. Na duba hannun, na ce lafiyarsa ƙalau, yatsun kakanta ne, su ma ba su iya komai ba sai nuna mutane.

Na zaunar da ita ina tsefe mata kai. Don in ɗauke mata hankali na ce, "Duk bakteriya sai an yi musu wannan muguntar?"

Ta ce a'a. Nata ne masu taurin kai. Akwai wasu iri da ba sa bukatar ƙanƙara ko gishiri, da kansu suke buɗewa. In abinci ya yi ƙaranci, ko wuri ya yi musu cunkoso, sai su miƙo wasu 'yan hannaye ta fatarsu su riƙa lalube. In wata ta mutu a kusa ta fashe, zarenta ya zube, sai su jawo guntun su haɗa da nasu.

Na ce, "Gadon wanda ba ubansu ba?"

Ta ce, "Wani lokaci ko dangi na kusa ba su haɗa ba."

Na ce, "Marasa kunya."

Ta ce, "Yunwa ce, Kaka. Yunwa ke buɗe su."

Na ja gashin da ƙarfi ba da niyya ba, ta yi ƙara. Yunwa. Me ban ba yarinyar nan ba? Ni na goya, ni na yaye, ni na tsaya a bakin makaranta cikin ruwan sama da leda a ka. Da maƙwabta suka ce karatun mace ya isa haka, wa ya fito da muciya? Yau wata da ba ta taɓa wanke mata ko safa ba ta ce "'yata" sau ɗaya, an buɗe mata ƙofa.

Ni ba kishi nake ba. Tambaya ce.

Alhamis, da hantsi

Tela maƙwabciyata ta leƙo ta katanga da allura a baki. Na ba ta labarin Mama Ofis.

Ta ce, "Kishi kike."

Na ce, "Da wa? Da matar da ko ƙanƙara ba ta iya yi sai da inji?"

Ta ce, "Fuskarki ta yi tsami kamar madarar jiya."

Na ce, "Ke dai gama ɗinkin mutane, rigar da na ba ki tun ina da haƙora."

Ta ce in yarinya ta samu mai riƙe mata hannu a waje ai abin godiya ne. Na ce ita da 'ya'yanta duka suke layi ɗaya da ita, ta ina za ta sani. Ta cire allurar daga baki, ta dube ni. Na fi son ta da allurar.

Alhamis, bayan magariba

Sun daɗe a waya ita da waccan. Da ta gama ta zo ta zauna a bakin gado tana murza ido.

Ta ce, "Malama ta ce kamar tun kafin in firgita su suke mutuwa."

Na ce, "Me zai kashe su, ga sanyi har da ƙari?"

Ta ce, "Ƙarin ne ba a so. Sanyin da suke bukata shi ne na ƙanƙara mai narkewa, nan ya tsaya, kada ya wuce. In ya wuce suka daskare a hankali, ƙanƙara tana tsirowa kamar allurai ta yayyaga su. Amma ai na zuba mata ruwa, bai kamata ta wuce ba. Na rasa gane kanta."

Na ce, "In sun yayyage fa?"

Ta ce, "Gawa kike ba zare, Kaka."

Na ce bari in duba firiza. Na fita baranda. Firiza lafiyarta ƙalau. Na buɗe, na rufe. Na sake buɗewa. Gwangwanin gishiri yana nan a kan taga inda nake ajiye shi, yana kallona.

Juma'a, da safe

Na tsaya a kan shuɗiyar kula da gwangwani a hannu. Niyyata in mayar da shi kicin. Tana ɗaure takalmi a bakin ƙofa, ta ce yau jikinta yana ba ta za a dace, kuma in ta tafi kada in damu, kullum za ta kira ni ta waya in ga fuskarta, Malama ma ta ce a gidanta za ta zauna kafin ta samu ɗaki.

A gidanta.

Gwangwanin ya yi sauƙi yanzu.

Juma'a, bayan azahar

Ban ci abinci ba. Ba komai, ciki ne.

Asabar, da yamma

Ta dawo. Ba ta yi kuka ba, ba ta nemi cinyata ba. Ta tsaya a tsakar ɗaki ta ce, "Kaka, wataƙila ba ni da hannun abin nan. Ba kowa ke da shi ba. Zan zauna in taya ki sana'a, dama bayanki yana ciwo."

Na ce, "Ke? Guduma ta fi ki nauyi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki mabuɗi a bayan madubi, ta buɗe ɗakin tsakiya, ta rataye farar rigarta a can, ta rufe. Ban san ta san inda mabuɗin yake ba.

Ta fito baranda ta karɓi gudumar. Bugu na farko ta samu yatsa. Ta sa shi a baki ta ci gaba. Na miƙa hannu na ɗalle mata kunne. Ko kaucewa ba ta yi ba. Kamar na ɗalli bango.

Yini guda ba ta ce "a taƙaice dai" ba.

Ga shi nan, ta zauna. Tana nan a barandata, tana ɗaure leda. Me kuma nake so?

Lahadi, da hantsi

Tela ta ce na rame. Na ce ita kuma ta tsufa.

Litinin, bayan la'asar

Waccan ta dawo. Ta kira ta ce gobe za a yi gwaji na ƙarshe, a gabanta, don ta ga inda abin yake karkacewa. Tsinke ta ce ta gode, amma ba sai an ɓata kayan aiki ba. Ina jin muryar matar daga nan tana cewa, "Ki zo, 'yata." Tsinke ta kashe waya.

Na lura da bayanta tana wanke kofuna. Haka uwarta take tsayawa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. Ita ma kaifin kai gare ta. Ita ma na ce mata ina za ki, me babu a nan.

Yau shayi biyu suka huce a kan tebur, nata da nawa.

Talata, da yamma

Wannan zai yi tsawo.

Da sassafe na wanke shuɗiyar kula da sabulu, na ɗauraye, na sake ɗaurayewa. Na farfasa ƙanƙara daga sabuwar leda. Sannan na ɗauki mabuɗi. Ƙafata ba ta taka ɗakin tsakiya ba tun wancan lokacin. Ban dubi gado ba, ban dubi takalman da ke ƙarƙashinsa ba. Na fizgo farar riga na fito.

Na jefa mata a fuska tana kwance. Na ce, "Tashi. In ba ki je ba ni zan je in firgita su da kaina, kin san na iya."

Ta ce, "Kaka, ki bar ni."

Na ce, "Na saka zanina na fita unguwa, ba zan cire shi a banza ba."

Muka shiga mota, kula a kan cinyata. Mai karɓar kuɗin mota ya ce, "Kaka, kifi ne?" Na ce, "Ilimi ne, matsa."

Wurin nasu dogon lungu ne mai fitilu farare, ga wari kamar an manta tukunya a rufe. Injuna suna gurnani, wani yana ta rausaya kwalabe kamar mai rarrashin jariri. Aka ce ba zan wuce ƙofar gilashi ba, aka ba ni kujera mai tsawo wadda ƙafata ba ta kai ƙasa.

Sai ga wata 'yar mata ta fito, gajera, siririya, da takalmin roba, hannun rigarta da ƙonewa. Na ɗauka mai shara ce. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Kaka, sannu da zuwa. Ashe ke ce mai ƙanƙararmu."

Ba ta da tabarau. Ko alamar su babu a hancinta. Wannan ma rainin hankali ne.

Na sauke kula a gabanta. Duk abin da na shirya a mota ya gudu. Na ji bakina ya ce, da ƙarfi har ɗaliban ciki suka juyo, "Ta yau zalla ce. Ba komai a cikinta. Zalla."



Malamar ta buɗe murfin. A lungun maƙalarsa, inda soso bai kai ba, akwai wani farin busasshen abu. Ta shafa da yatsa, ta murza, ta duba. Ta aika aka kawo ma'aunin zafi, ta soka a cikin ƙanƙarar, ta jira. Ta ce, "Daidai." Da ta zage ni da na samu abin ramawa.

Tsinke ta ce, a hankali, "Kaka. Tun yaushe?"

Na ce, "Mai kifi ne ya jawo. Ke kika ce sanyi da gishiri."

Ta ce, "Na Juma'ar nan fa? Bayan na faɗa miki?"

Na dubi injin da ke rausaya kwalabe. Inji ne mai kyau. Na daɗe ina dubansa.

Ta ɗauki kula ta shige, ƙofar gilashi ta rufe kanta.

Daga kujerata ina ganin komai. Ta sa safar hannu, ta dasa 'yan bututun cikin ƙanƙarata, ta yi wanke-wankenta na gishirinsu mai suna. An daɗe. Da ta zo zuba zaren, a fusace take, na san wannan fushin, nawa ne. Ta ɗaga bututun kamar za ta girgiza shi ya mutu. Sai Malamar ta riƙe mata wuyan hannu. Wani ya buɗe ƙofa a lokacin, na ji da kunnena.

"A'a, 'yata. Ɗallin Kaka."

Ɗaliban da ke gefe suka amsa kamar 'yan aji, "Ɗallin Kaka!"

Tsinke ta tsaya. Ta cije leɓe. Ta lanƙwasa ɗan yatsa ta ɗalli gindin bututun, a hankali, yadda ba ya zafi sai dai ya tashi mutum.

Da aka mayar da su ƙanƙara ana jira, Malamar ta fito ta tsaya kusa da kujerata. Ta ce shekara da shekaru tana fama da ɗalibai, tana cewa a gauraya a hankali, suna girgizawa kamar maganin tari. Ranar da Tsinke ta zo ta ce ai wannan ɗallin kakata ne, ta nuna a kunnen wata, shi ke nan kowa ya gane. Ta ce har a sabon wurin ta riga ta koya musu.

Na ce, "Ba a nemi izinina ba."

Ta ce, "Shi ne nake nema yanzu."

Na ce zan yi shawara.

Na ga lokacin da aka tsoma su a ruwan ɗumi. Na riƙe numfashi har aka fitar. Ban san ina yi ba sai da na ji jiri.

A mota ba ta yi mini magana ba. A gida ma haka.

Laraba, da sassafe

Ta fita duba faranti. Shayi yana kan tebur. Na rufe shi kada ƙuda ya faɗa, sai na ga abin da hannuna ya yi, na buɗe.

Laraba, bayan azahar

Ta shigo ba sallama, ta ajiye waya a kan cinyata. Hoton faranti ne. Ɗigo-ɗigo farare ko'ina, ba wurin sa yatsa, kamar an barbaɗa... to, kamar an barbaɗa wani abu.

Na ce, "Duk waɗannan sun haɗiye?"

Ta ce, "Kakanninsu ne suka haɗiye jiya. Kowane ɗigo zuriyar guda ɗaya ce."

Na ce, "To yanzu 'ya'yan wa ke nan? Naki ko na mai zobe?"

Ta ce, "Zoben ɗan mitsitsi ne, Kaka. Zarensu na asali yana nan yadda yake, ba inda ya je. Ƙari suka samu."

Na ce, "Ni ban tambaye ki wannan ba."

Ta fita baranda, ta ɗauko gwangwanin daga taga, ta taka kujera, ta ɗora shi can saman kabad inda ko da sanda ba zan kai ba. Ta sauko. Ta zo ta bayana ta ɗalle mini kunne, har sai da na ga taurari.

Na ce, "Ke! Wannan ba ɗallin Kaka ba ne!"

Ta ce, "Na jika ne. Sabo ne, ki saba."

Sannan ta kwanta ta ɗora kai a cinyata, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar Asabar. Ni idona ruwa yake yi saboda kunnen.

Lahadi, da hantsi

Ana ta haɗa kaya. Na ce jaka biyu za ta ɗauka, ko da ta biyun iska ce a ciki. Ba ta tambayi dalili ba. Ta shiga ɗakin tsakiya ta ɗauko tsohuwar jakar da ke saman kabad, ta bar ƙofar a buɗe. Har yanzu a buɗe take. Ɗakin yana bukatar iska dama.

Mai kifi ya zo ya ce gishiri fa. Na nuna masa saman kabad na ce in yana da tsani.

Alhamis, da magariba

Ta tafi da safe. Kafin ta fita ta zauna ta shanye shayinta har ƙasa, ta kife kofin a gabana don in gani. Waccan ta zo ɗaukarta, ta durƙusa ta ce in yi musu addu'a. Na yi wa Tsinke mai tsawo. Ita ma na yi mata, gajera, daidai tsawonta.

Tela ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya gida?"

Na gyara zama zan ja mata labari tun daga lalacewar inji. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "A taƙaice dai..."

Ta yi dariya har allura ta faɗi. Wai tsofaffi ba sa karɓa. An bar ni cikin sanyi, an firgita ni, me ake so in yi?

Wayar tana kan tebur, na ƙure mata ƙara. Ta ce da sun sauka za ta kira. In ta kira ina so in ji ko ni aka fara kira ko sai da aka gama cin abinci a gidan wata.

Kishi nake. Sai me?